Tauraron ɗan adam mai arha ko mai tsada, wanne za a zaɓa?

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum 'yan uwa. Malaminmu ya ba mu aikin tsara tauraron ɗan adam a takarda, wanda zai riƙa duba fadamun Goronyo da Wurno lokacin ambaliya, amma ya ce kada kuɗi su yi yawa. To ina ake rage kashe kuɗi ba tare da aikin ya lalace ba? Ni dai duk inda na taɓa sai in ga ya zama dole.

Baban Nana:
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da tambayar mi kake son gani daga sama. In faɗin ruwa ne kawai, ba ka buƙatar kamara mai kaifi sosai, tauraron Najeriya NigeriaSat-1 da anka harba 2003 kowane ɗigo na hotonshi mita 32 ne kuma ya yi aikin sa ido kan bala'o'i, NigeriaSat-2 na 2011 ya fi shi kaifi, ɗigonshi mita 2.5 ne. Kamara mai kaifi tana son babban madubi, madubin yana ƙara nauyi, nauyi kuma shi ne kuɗin roka, sannan hotunan sun yi girma sai ka nemi eriya mai ƙarfi da ƙarin wuta don sauko da su, haka abin ke bin juna har kasafi ya fashe. Kuma ka aje shi ƙasa ƙasa, kilomita 600 zuwa 700, kada ka yi tunanin 36,000, wancan na sadarwa ne.

Hajiyar Arkilla:
Yaya, na yarda, amma don Allah kada yaron nan ya taɓa ɓangaren wuta da gwaji. NigComSat-1, tauraron sadarwa na Najeriya, an harba shi 2007, a Nuwamban 2008 ya mutu saboda matsalar faifan sola, sai 2011 anka samu madadinshi. Har yau abin na min ciwo. Can sama ba makanike, abin da duk ya lalace shi ke nan.

Wani abu kuma, ambaliya da damina take zuwa, kamara ba ta ganin ƙasa ta cikin hadari. Rada ce ke iyawa, wato na'urar da ke ɗaukar hoto da igiyar rediyo, ita ko akwai cin wuta da tsada.

Ɗan Mabera:
Kai Hajiya wallahi ban yi tunanin hadarin ba sam. Ke nan sai rada?

Baban Nana:
Ba lalle ba. Hotunan rada na tauraron Sentinel-1 na Turai kyauta ake samunsu, sa su cikin tsarinka na watan Agusta da Satumba, naka ƙaramin ya riƙe kamara don noman rani. Rubuta ma malam dalilin a fili da lissafin nauyi.