Tukunyar gas ta ƙona maiɗakina, wa zan bi haƙƙi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Gusau nake. Wata guda ke nan na sayi sabuwar tukunyar gas mai kilo 6, irin wadda ake ɗaura wa kai a sama. Shekaranjiya maiɗakina ta ƙyasta ashana, wuta ta tashi daga wuyan tukunyar ta ƙone mata hannuwa. Tana asibiti. Ba zan ɓoye ba, kwana biyu kafin nan mun ji wari, na naɗe wuyan da leda muka ci gaba da girki. Mai shagon ya ce gargaɗi na rubuce a jikinta, babu ruwansa. In kai ƙara ko in haƙura?

Injiniya Bashir: Allah ya ba ta lafiya, Malam. Kada ka mayar da tukunyar shago, kada kuma wani ya kwance ta ko ya gyara. Ajiye ta a fili, nesa da wuta, ka ɗauki hoton wuyanta, da kan, da lambobin da aka buga a jikin ƙarfen. Yoyon wuya yawanci daga abu uku yake: robar cikin bawul, wato mashigar gas da ke wuyan, ta tsage, zaren kan bai hau daidai ba, ko an cika ta fiye da kima. Ba a cika tukunya maƙil, ana barin kusan kashi 20 cikin ɗari saboda gas yana kumbura da zafi. Duba shekarar ƙira: ƙa'idar SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, ita ce a sake gwada tukunya duk shekara 5, a daina aiki da ita bayan 15. Wasu tsofaffi ne ake yi wa fenti a sayar da sunan sabo. Leda kuwa ba ta tare gas. Ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya taru. Da ruwan sabulu ake gwada yoyo. Inda ya yi kumfa, nan ne.

Barista Hadiza: Sannu da jinya, ɗan uwa. Rubuta gargaɗi ba ya wanke wanda ya sayar da kaya mai aibi. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, ta ɗora alhakin raunin da kaya mai aibi ya jawo a kan wanda ya samar da shi, ko da wanda ya ji raunin ba shi ya saya ba. Don haka ita maiɗakinka ce mai haƙƙi. Amma maganar leda za ta taso, kuma kotu na iya rage diyya gwargwadon sakacin da ta gani a ɓangarenku. Ka faɗa wa lauyanka tun farko. Tara rasit, ko shaidar tura kuɗi in babu, da rahoton likita, da takardar kowane magani. Rubuta wa mai shagon takardar neman biyan kuɗin jinya, ka riƙe kwafi. In ya ƙi, ka kai koke FCCPC, kyauta ne. Shari'ar rauni tana da wa'adi, kada ka jinkirta.

Alhaji Garba: Ɗana, fara gano wanda ya zuba gas ɗin. In ba mai shagon ba ne, mutum biyu kake bi. In za a yi sulhu, a yi shi gaban shaidu, a rubuce, kuma bayan likita ya faɗi ko fatar za ta buƙaci aiki, domin ƙunar hannu takan ɗaure yatsu daga baya.