Wili da taya na Ford 1932: wane awo zan yi kafin in saya?

Ɗan_Gareji32:
Assalamu alaikum masana. Ina haɗa Ford Roadster ta 1932 irin hot rod ɗin Amurka (tsohuwar mota da aka sake wa gini don gudu da ado), wadda ba madigadi. Aksil ɗin baya Ford 9-inch ne mai burkin durom, giyarsa 3.50, giyabos TH350. A gaba burkin faifai na sa. Ina son tsarin nan na ƙananan taya a gaba, manya a baya, duka inci 15. Daga fuskar durom zuwa bodi na auna inci 5.5. Wane wili ya dace, kuma wace taya? Kada in biya kuɗin kaya da na jirgi, su iso su ƙi zama.

Bakanike_Tsoho:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fara da tsarin kusoshi. Akwai guda uku da ake yawan rikitawa: 5x5.5 (kusoshi biyar a da'ira mai faɗin inci 5.5) na tsofaffin Ford da a-kori-kura F-100, 5x4.5 na Ford na baya-baya, sai 5x4.75 na Chevy. 9-inch yawanci na zuwa da 4.5 ko 5.5, ya danganta da motar da aka ciro shi. Auna daga tsakiyar kusa ɗaya zuwa bakin waje na ta uku, ka tsallake ta tsakani. Kayan burkin gaba kuma sukan zo da nasu tsarin daban, ka duba su ma.

Sai zurfin baya, wato daga fuskar da ke manne wa durom zuwa leɓen wili na ciki. Wilin 15x7 faɗinsa na gaske kusan inci 8 ne, don bakwai ɗin awon mazaunin taya ne kawai. Taya 235/75R15 faɗinta kusan inci 9.25, ke nan cikinta zai fito kimanin 0.6 kowane gefe. Ka cire wannan daga 5.5, ka ƙara cire inci 1 na sarari, saura 3.9. Don haka nemi zurfin 3.75, ko 3.5 idan kana son natsuwa.

Inci ɗayan nan kada ka yi masa rowa. Aksil na motsawa gefe a kwana, kuma idan ƙafa ɗaya ta hau tudu saman tayar kan kwanta ciki ya goge fenti. Auna hagu da dama duka, ba kowane aksil ke zaune daidai tsakiya ba.

Injiniya_M:
Malam ya gama da baya. A gaba, 15x4.5 ko 15x5 da 165/80R15, tsayinta kusan inci 25.4, ta baya kuma 28.9. Wannan bambancin shi ke sa gaban motar ya sunkuya yadda ake so.

Tsayin tayar baya na shafar juyin inji. Lissafin shi ne gudun mil a awa, sau giya, sau 336, a raba da tsayin taya. A mil 65: 65 × 3.50 × 336 ÷ 28.9, kusan juyi 2,650 a minti, tunda giyar ƙarshe ta TH350 ɗaya-da-ɗaya ce, ba ta rage juyi ba ta ƙara. Ka sauko zuwa taya mai inci 26, zai kai wajen 2,940, ƙara da shan mai su ƙaru. Agogon gudu ma sai an daidaita masa ƙaramin giyarsa.

Tsofaffin wilin ƙarfe na zamanin durom sukan taɓa kalifa, wato abin da ke matse faifan burki. Ka nemi zanen awon kalifa daga masu kayan burkin, ka yanka shi a kwali, ka gwada a cikin wili. Bayan ɗaurawa a juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, a ga ko taya na taɓa sandar sitiyari ko tiyon burki.

Ɗan_Gareji32:
Na gode ƙwarai. Na auna, baya 5x4.5 ne. Ashe ke nan wilin Camry zai hau, tunda nasa milimita 114.3 ne, wato inci 4.5?

Bakanike_Tsoho:
Ramukan za su yi daidai, amma ka manta da shi. Ramin tsakiyar Toyota milimita 60.1 ne, ya yi wa aksil ɗin Ford ƙanƙanta. Kuma wilin motar da ke ja da gaba ne, zurfin bayansa ya wuce inci 5, taya za ta danne bodi. Haka masu ɗaura wilin BMW mai milimita 120 a kan 120.65 na Chevy: yana shiga, amma notuna na zama a karkace, kusa ta gaji ta karye.

Noti kuma ya bi wili. Wilin ƙarfe na son mai baki kamar mazurari, wasu na alminiyom irin tsofaffin na kamfanin Cragar na son mai dogon wuya da washa. Kusar 1/2-20 (kauri rabin inci, zare 20 a inci) a ɗaure ta da sifana mai awo, fam-ƙafa 85 zuwa 95, ana tsallake ɗaya, kuma noti ya ci aƙalla rabin inci na zare. A sake gwadawa bayan mil 50.

Hajiya_V8:
Ƙari kan taya, Malam. Idan kamannin shekarun 1950 kake so, akwai masu zaren giciye, irin na kafin radiyal, da kamfanin Coker ke yi da sunan Firestone, 5.60-15 a gaba, 8.20-15 a baya. Suna da kyan gani, sai dai suna bin tsagin titi, kuma riƙonsu a ruwa bai kai na radiyal ba. Ka zaɓi iri ɗaya a ƙafa huɗu, kada ka gauraya. Don sanin shekarun taya, duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefenta: 1223 na nufin mako na 12 na 2023. Irin waɗannan motoci sun fi zama a gareji, taya kan tsufa ta tsattsage zanenta na nan sabo. Motar ba ta da nauyi, a fara da iska PSI 26 zuwa 28 a baya, a shafa alli a faɗin taya a ɗan gangara. Idan tsakiya kaɗai ya goge, iska ta yi yawa.