Da me za a rarrabe ƙananan jiragen farmaki a wasan yaƙin sararin samaniya?

Tauraron Asuba:
Assalamu alaikum. Ina tsara dokokin wani wasan yaƙin sararin samaniya na kan tebur, amma ƙananan jiragen farmaki sun hana ni sakat. Akwai mai ɗaukar matuƙi ɗaya, akwai mai ma'aikata goma da makamai masu linzami, kuma duka ina kiransu mayaƙa, har 'yan wasa suna rikicewa. Shin da girma ya kamata in rarrabe su, ko da aikin da suke yi?

Dogon Nazari:
Wa alaikumus salam, Malam. A ganina, kafin girma da aiki akwai tambayar da ta fi su nauyi: shin jirgin zai iya zuwa fagen daga ya komo da kansa, ko sai babban jirgi ya goya shi? Wasan Traveller, wani wasan sararin samaniya na kan tebur wanda ya fito a 1977, a nan ya ja layinsa, domin a dokokinsa duk jirgin da bai kai tan 100 ba ba ya iya tsallakawa daga tauraro zuwa tauraro, saboda haka ƙarami ne komai yawan makamansa. Wannan rabon yana da tasiri a kan tebur, tunda idan aka tarwatsa jirgin dakon, waɗanda suka dogara da shi sun zama marayu, alhali mai cin gashin kansa zai janye ya tsira.

Mai Taswira:
Na yarda, amma bayan wannan layin sai a koma ga aiki. Rundunar Amurka ta daidaita haruffan jiragen samanta na yaƙi a 1962: F ga mai kakkaɓo jirage, A ga mai kai hari, B ga mai jefa bam. Harafi ɗaya a jikin katin kowane jirgi ya wadatar.

Dogon Nazari:
Sai dai a kula, Malam, suna yakan daɗe bayan aikin ya sauya. Jirgin ruwan da ake kira distiroya an ƙera shi ne a shekarun 1890 don farautar ƙananan jiragen da ke harba tofido (makamin da ke tafiya cikin ruwa ya fasa jirgi), daga baya ya girma ya karɓe aikinsu, sunan kuwa yana nan. Saboda haka ka bar kowace daula ta wasanka ta raɗa wa jiragenta sunan da ta ga dama, amma a kati ka rubuta abu biyu kawai: ko jirgin yana bukatar goyo, da kuma aikin da yake yi.

Tauraron Asuba:
Na gode ƙwarai. Mai ma'aikata goman nan zan cire shi daga sahun mayaƙa, tunda ba ya bukatar goyo.