Muhawara: A bar mai saye ya ga hannun magini, ko a ja bango?

Mai Shago: Salamu alaikum. Na kama shago a Gwammaja, ƙofa ɗaya na kallon titi, ɗaya tsakar gida. Ni a ganina bai kamata a raba wurin ginin tukwane da wurin sayarwa ba. Wanda ya ga yumɓu ya zama tulu a kan idonsa ba ya yi wa kaya tayin wulaƙanci. Ku dubi karofin Ƙofar Mata, baƙi kallon rini suke tsayawa yi, kafin su tafi sun sayi zane.

Hajiya: Ɗana, baban rini ruwa ne, ba ya tashi sama. Yumɓu kuwa in ya bushe ƙura ne. Ni mai sayen kaskon turaren amare ce da yawa, kuma wallahi in na shafa kantar shago yatsana ya yi fari, ba na komawa.

Baba Magini: Hajiya ta yi gaskiya, har ma ta rage. Ƙurar nan huhu take ci a hankali, shi ya sa ba a sa wa wurin gini tsintsiya a bushe, jiƙaƙƙen tsumma ake bi da shi. Ga kuma hunturu. Iskar titi in ta bugi ɗanyar randa, baki ya riga gindi bushewa, da safe sai ka tarar da tsaga tun daga wuya. Aikin kwana uku ya tafi.

Mai Shago: Baba, Allah ya ƙara girma, amma juya naira 20 ka gani. Ladi Kwali, shahararriyar maginar tukwane, tana kan aiki aka sa, hannunta a jikin tukunya. Abin da mutane ke ƙauna ke nan.

Injiniya: Ku tsaya, maganar wuta fa? Ana zafin da ya haura digiri 40 a Afrilu, ka ƙara da na gashi? Wannan kam tsakar gida. Sauran kuma a ja rabin bango iya ƙugu, a ɗora gilashi.

Mai Shago: Gilashi kuma? Sai ka ce banki!

Hajiya: To bar gilashin. Randuna a ƙasa kan yashi, asusu da kasko daidai ido, hanya ta isa mai goyo ta juya.

Baba Magini: Yi gini a gabansu, na yarda. Shanya da kankara dai a baya, bayan asabari. Zan zo Asabar bayan la'asar in ga ta inda iska ke shigowa.