Cigiyar littafin labari kan asali da zaman bakin teku

'Yar Zango: Salamu alaikum 'yan zaure. Ina neman ƙagaggen labari da ya taɓo tushen iyali a garin bakin teku. A Sabon Zango ta Ankara, Gana, aka haife ni, fataucin goro ne ya gangaro da kakanmu kudu. A nan ana ce mana 'yan arewa, in mun je arewa a ce 'yan Gana sun iso. Labari mai irin wannan ƙaiƙayin nake so, ko da Turanci ne.

Malamin Adabi: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Nemi By the Sea na Abdulrazak Gurnah, haifaffen Zanzibar da ya ci kyautar Nobel a 2021. Littafin ya fito a 2001. Wani dattijo ne, Saleh Omar, ya sauka a filin jirgin Gatwick na Ingila yana neman mafaka da sunan wani mamaci, ya yi kamar bai jin Turanci, abin da ya fi daraja a jakarsa ɗan akwatin turaren wuta. Tafintan da aka nemo masa kuwa ɗan mai sunan ne. Tsakaninsu akwai tsohuwar rigimar gida: an ci bashi, an jinginar da gidan, gidan ya tafi, gaba ta zauna. Ga kuma juyin juya halin Zanzibar na 1964 da ya mayar da masu jinin Larabawa abin zargi a garin da aka binne kakanninsu.

Ɗan Agege: Malam, wallahi na fara shi na ajiye. Tsoho na ta zuba, labari bai motsi.

Malamin Adabi: Ai hirar tsofaffi ce, sai da haƙuri. Duk wanda ya taɓa zama wajen rabon gado ya san kowane ɓangare da nasa tarihin gidan, kuma kowa rantsuwa yake yi. Abin da Gurnah ya kama ke nan. Ka daure har su biyun su zauna shan shayi.

Maman Biyu: Ni nawa The Dragonfly Sea ne, na Yvonne Adhiambo Owuor, 2019. A tsibirin Pate yake, cikin tsibiran Lamu na Kenya. Ayaana ba ta san mahaifinta ba, gari na yi wa uwarta Munira kallon banza, sai yarinyar ta zaɓi wani tsohon matuƙin jirgin ruwa, Muhidin, ta ce shi ne babanta. Wurin nan ya sa ni hawaye. Daga baya mutanen Sin suka zo suka ce jininsu ce, jikar ma'aikatan jiragen Zheng He, babban jagoran jiragen ruwan Sin, da ake cewa jirginsu ya nutse a yankin wajen shekara 600 da suka wuce, suka ɗauke ta karatu. Abin tambaya, uban da ta zaɓa da bakinta ne nata, ko dangin da gwajin jini ya ba ta? Sai dai littafin yana da kauri, kuma marubuciyar na son ƙawata zance har ya yi yawa a wasu wuraren.

Ɗan Agege: To ku bar ni in kawo mai gudu. The House of Rust, Khadija Abdalla Bajaber, 2021. Mombasa. Aisha, 'yar zuriyar Hadramawa, wato Larabawan Hadramaut ta Yaman, babanta masunci ya ɓace a teku, kakarta na maganar aure, ita kuwa ta hau kwalekwalen ƙasusuwa da wata mage mai magana ta bi sawunsa. Kamar tatsuniyar Gizo da aka kai bakin ruwa.

Hajiya Babba: Ku yaran nan duk kun tsallake gabas kun bar ƙofar gidan mai tambaya. 'Yata, Homegoing na Yaa Gyasi, 2016, a Cape Coast ya fara. 'Yan'uwa biyu uwa ɗaya da ba su san juna ba: Effia a saman ganuwar Turawa ta cinikin bayi tana auren Bature, Esi a kurkukun ƙasa tana jiran jirgin bayi. Kowane babi jika ne na ɗayansu. Aibinsa, da ka saba da mutum sai babi ya ƙare, kuma rabinsa a Amurka yake.

'Yar Zango: Hajiya, na shiga wannan kurkukun da makarantarmu, ban iya cin abinci ba ranar. Amma babu wanda ya taɓo mutanen da suka gangaro daga arewa?

Maman Biyu: Akwai. Ayesha Harruna Attah, 'yar Gana. The Hundred Wells of Salaga yana kasuwar goro da bayi ta Salaga, inda Hausawa suka yi zango. Na biyun, The Deep Blue Between, shi ne na teku: tagwaye Hassana da Husseina, hari ya raba su, ɗaya ta ƙare a Ankara, ɗaya ta bi ta Legas har Bahia ta Brazil.

Auta: Anti, zan iya ba ƙanwata mai shekara 14?

Maman Biyu: Na tagwayen don matasa aka rubuta shi, amma ki fara karantawa, don Husseina ta shiga addinin gargajiya na Bahia, yarinya za ta yi tambaya. Na Pate kuwa ki ɓoye shi tukuna.