Wane suna za mu ba aikin tsoma kayan mota a ruwa su fito da ado?

Malam Sani, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu fenti. Aikin nan da ake shimfiɗa leda mai zane a kan ruwa, a tsoma murfin gefen babur ko hular kwano ko bayan madubin mota, ya fito da adon katako ko na kabon (zane mai kama da saƙar ƙananan murabba'ai), har yau ba shi da suna a bakinmu. Wasu suna cewa idrografi yadda suka ji a Faransanci, mai babur kuwa sai ya ɗauka sitika ce. Muna son sunan da za a rubuta a allon gareji kowa ya gane. Ni na kawo "rinin ruwa".

Hamidu, Ngaundare:
Wa'alaikumus salam Malam. Rini ba zai ɗauki aikin ba. A marina baba shiga zaren yake yi, nan kuwa babu abin da ke shiga cikin roba ko ƙarfe, tawada ce take kwanciya a kan fenti. Ruwan ma ba shi da launi. Ledar ta PVA ce, wadda ruwa ke narkarwa, a kanta aka buga zanen. Ana taɓa ta da jiƙaƙƙun yatsu, gefen da ya manne shi ke kallon ruwa. A zagaye bakinta da tef, a shimfiɗa ta a kan ruwa mai ɗumin digiri 30 zuwa 33, a ba ta kamar minti ɗaya. Za ka ga ta yamutse, sannan ta miƙe sumul. Lokacin ne ake fesa maganin da ke mayar da busasshiyar tawada ɗanya. Wanda ya ji "rini" zai zaci launi ɗaya zai samu.

Alhaji Bukar, Marwa:
Hamidu ya yi gaskiya. In ma'ana ake bi, "ɗab'in ruwa" ya fi kusa, don asalin abin ɗab'i ne. Daga Japan ya fito, kuma a 1982 wani injiniyansu ya nemi rajistar fasahar a Amurka. Sai dai ɗab'i kalmar malamai ce, yaran gareji ba za su riƙe ta ba. "Bugun ruwa" ya fi sauƙi a baki, amma mai ji zai iya kai shi wani wajen daban.

Musa, Injamena:
Ranka ya daɗe Alhaji, a ganina sunan ya fito daga inda aikin ke gyaruwa ko ya lalace, wato tsomawa. Bayan feshi daƙiƙu kaɗan ake jira, saman ruwan ya yi sheƙi, sai a shigar da kayan a karkace, kusurwar digiri 30 zuwa 45, a hankali ba tsayawa. In ka shigar da shi a kwance, iska takan maƙale a ƙarƙashi, wurin ya fito fili babu zane, musamman a lungunan ƙarfen taya. In ka yi sauri zanen ya ja, ƙananan murabba'an kabon su zama dogaye. In hannu ya tsaya a tsakiya, layi zai fito a daidai wurin. Maganin ma haka: ya yi kaɗan tawada ta tsage ta ƙi kamawa, ya yi yawa ta zube zanen ya dagule. Kafin a ciro kayan a kaɗa ruwan ya kore ragowar tawada, kada ta sake hawa. Don haka na ce "fentin tsomawa", kamar yadda muke cewa fentin feshi.

Hamidu, Ngaundare:
Tsomawa ta zauna, Musa. Kalmar fenti ce matsalar. Akwai masu fesa fentin gwangwani a kan ruwa su tsoma abu ya fito da rodi-rodi, wancan shi ya cancanci sunan, kuma ba a samun zane iri ɗaya sau biyu. A namu aikin fenti kafin tsomawa yake zuwa. A wanke maiƙo, a goge da sandfefa lamba 400 zuwa 600, a fesa shimfiɗar farko mai sa fenti ya kama, sannan fentin ƙasa, wato launin da adon zai hau kansa. Robar PP, irin ta bamba, sai an fara fesa mata maganin kama roba, in ba haka ba komai zai ɓare tare. Kuma yawancin ledojin ana ganin ƙasa ta cikinsu, shi ya sa adon katako ke son ƙasa ruwan ƙasa mai haske, kabon kuma ruwan azurfa ko ruwan toka. Ledar kabon mai baƙar tawada a kan baƙin fenti ba za ta fito ba. Abin da ruwa ke ɗorawa ado ne kawai. Ni "adon tsomawa" na zaɓa.

Alhaji Bukar, Marwa:
Na bi bayan wannan. Da "zanen tsomawa" zan ce, amma a rubuce sai a ɗauka zanen ɗaurawa ne. Ledar mu kira ta ledar ado, abin feshin kuma maganin tawada, tunda tawadar yake tayarwa. Ruwa ne ke tausasa ledar, masu koyo sukan rikita biyun.

Malam Sani, Garwa:
Madalla, na janye rini. Adon tsomawa, ledar ado, maganin tawada, fentin ƙasa. Masu koyo su kula da yanayinmu. A Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40, ruwan da ya wuni a rana ya wuce kima, ledar ta narke kafin lokaci, don haka a sa ma'aunin zafi, aiki kuma a inuwa da sassafe. Da damina a ɗaure ledar cikin jakarta, danshi na sa ta manne da kanta.

Musa, Injamena:
A ƙara da wanki, Malam. Bayan an ciro kayan akwai yauƙin PVA a jiki, a ɗauraye da ruwan ɗumi marar ƙarfi har santsin ya tafi, ba a gogawa da hannu. In ya rage, verni, wato fentin sheƙi marar launi da ake rufe adon da shi, zai ɓare daga baya. Ya bushe sarai, sannan verni mai haɗi biyu, hawa biyu, a rufaffen ɗaki saboda ƙurar hunturu, da takunkumin da ke tace tururin sinadari. Salansa kuwa kada a karɓa, zafinta ya fi ƙarfin wannan ado.