Don Allah malaman Turanci, ya ake amfani da kalmar "unrequited"?

Assalamu alaikum. Kwana uku ke nan kalmar nan ta tsaya mini a wuya. Ina fassara wani ɗan gajeren labari zuwa Hausa, sai na ci karo da "unrequited love". Ƙamus ya ce so ne da ba a mayar wa mai shi ba, wai daga "requite" ta fito, wato sakawa ko ramawa, "un" ɗin kuma na korewa ne.

Da farko na rubuta "son maso wani", tunda kowa ya san shi da ƙoshin wahala. Amma hankalina bai kwanta ba. A namu akwai mutum na uku, wanda ake so ɗin zuciyarsa tana wajen wani. A labarin kuwa yarinyar ba ta da kowa, ba ta ma san yaron yana yi ba. To, me zan kira wannan?

Sannan ƙanena ya rubuta "I am unrequited", malaminsu ya soke da jan biro. Son ake siffantawa da ita ke nan, ba mutumin ba? Kuma in ka yi wa maƙwabci alheri bai rama ba, ta shiga nan, ko soyayya ce kaɗai?